Daga Fas zuwa Ifran: jagorar hutu da tuƙi a cikin dusar ƙanƙara a tsaunukan Maroko

Duk shekara mutanenmu da dama suna zuwa birnin Fas, wasu ziyarar zawiyar Shehu Ahmad Tijjani, wasu karatu, wasu fatauci. Mafi yawansu suna komowa ba su san cewa tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci daga nan akwai garin da dusar ƙanƙara ke rufe tituna da rufin gidaje ba. Sunan garin Ifran, yana kan tsaunukan Atlas na Tsakiya, a tsayin mita 1,650 da 'yan kai daga gaɓar teku. A can ne aka auna sanyi mafi tsanani da aka taɓa rubutawa a nahiyar Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, a watan Fabrairun 1935. Faransawa ne suka kafa garin a 1929 don su riƙa gudun zafin bazara, shi ya sa gidajensa ke da rufi mai tsini irin na ƙauyukan Turai.

Tafiyar ba ta da nisa kuma ba ta fi ƙarfin mai matsakaicin hali ba. Abin da ke ɓata ta shi ne gaggawa. Duk tsarin da ke ƙasa an gina shi ne a kan abu ɗaya: ka bar wa yanayi fili a cikin lissafinka, domin shi ne zai yanke ranar hawa da ranar sauka.

Mataki na ɗaya: zaɓen lokaci

Mutanen Maroko suna da kwanaki arba'in da suke kira Liyali, daga 25 ga Disamba zuwa 2 ga Fabrairu, su ne tsakiyar sanyinsu. Daga nan zuwa ƙarshen Fabrairu ne aka fi sa ran dusa. Sai dai sa rai ne kawai. Maroko ta sha fari shekaru a jere, kuma akwai hunturun da mutum zai isa Ifran ya tarar da ciyawa busasshiya da iska mai sanyi, babu ko farin abu a ƙasa. Don haka kada ka biya kuɗin masauki a tsauni tun watanni kafin tafiya. Ka sauka a Fas ko Miknas, ka ware kwana uku ko huɗu da za ka iya matsar da su gaba ko baya, ka riƙa duba sanarwar hukumar hasashen yanayi ta ƙasar. Tana fitar da gargaɗi da launuka. Idan ta sa ruwan lemo ko ja a lardin Ifran, wannan ba ranar hawa ba ce.

Ranar da ta fi ita ce kwana ɗaya ko biyu bayan dusa ta zuba ta tsaya: motocin share hanya sun wuce, sama ta washe, dusar kuma ba ta narke ba. Ka guji Asabar da Lahadi da hutun makarantu na ƙarshen Janairu. A irin ranakun nan mutanen Kasabalanka da Rabat da Fas kan yi dafifi zuwa tsauni, motoci su yi layi tun daga ƙasa, kuɗin ɗaki ya ninka.

Agogon Maroko ɗaya yake da na Najeriya da Nijar, in ban da watan azumi da suke mayar da shi baya da sa'a ɗaya. A Janairu rana ba ta fitowa sai an kusa takwas da rabi, ta faɗi wajen shida da rabi. Riƙe waɗannan lokuta, za su yi maka amfani a batun tuƙi.

Mataki na biyu: takardu da isowa

Jiragen Royal Air Maroc suna tashi daga Legas, Yamai da Akara zuwa Kasabalanka. Dokar biza ta bambanta bisa fasfon da kake riƙe da shi, sai ka tuntuɓi ofishin jakadancin Maroko da wuri. Daga Kasabalanka jirgin ƙasa na kai mutum Fas cikin kamar sa'a huɗu, kuma ya fi a ɗauki mota tun daga filin jirgi da gajiyar tafiya a jiki. Idan kana da niyyar tuƙi, ka zo da lasisinka na gida haɗe da na ƙasa da ƙasa, da katin banki da kamfanin haya zai riƙe kuɗin jingina a kai.

Mataki na uku: kayan sawa

Rigar sanyi guda mai kauri ba ta wadatarwa. Ana sa kaya ne hawa uku. Na jikin fata ya zama na ulu ko na roba mai tsane gumi. Auduga tana riƙe jiƙa, kuma jiƙaƙƙen kaya a cikin iska shi ke zuƙe ɗumin jiki. Na tsakiya suwaita ce mai kauri. Na waje riga ce da ruwa da iska ba sa ratsa ta. A ƙasa dogon wando na ciki, sannan wando mai kauri a kai. Mata za su iya sa duk wannan a ƙarƙashin abaya ko hijabi, sai dai a kula kada bakin tufa ya riƙa jan dusa, domin zai jiƙe ya daskare.

Inda baƙi suka fi shan wuya shi ne ƙafa. Takalmi sau-ciki mai sulɓin tafi ba ya riƙe ƙanƙara, kambas kuma yana jiƙewa cikin minti kaɗan. Nemi takalmi mai rufe idon sawu, mai zane mai zurfi a tafinsa, wanda ya ɗan fi ƙafarka girma don safa biyu ta shiga ba matsi. Ƙara safar hannu, hular da ke rufe kunne, da tabarau na rana, domin hasken da ke dawowa daga dusa yana ƙona ido. Man kaɗanya ya isa ga leɓe da fuska da dunduniya.

Ba lallai ka sayo komai daga gida ba. Kasuwannin Fas cike suke da kayan sanyi, kuma jallabiyar ulu mai hula da mazan tsauni ke sawa ta fi yawancin kwat ɗumi. Ni da ita nake ba mutum shawara, don ko ya koma gida za ta yi masa hunturu da yawa.

Mai sikila, mai asma, da mai ciwon zuciya su ga likita kafin su yi shirin nan. Sanyi da tsayin wuri duka suna iya tayar da ciwon sikila, kuma wannan ba abin da za a yi wa ƙarfin hali ba ne.

Mataki na huɗu: ka tuƙa, ko a tuƙa ka?

Daga Fas zuwa Ifran kilomita sittin da 'yan kai ne ta hanyar N8, wadda ke ratsa garin Imuzzar Kandar. Daga Miknas ma kusan nisan ke nan ta El Hajeb. Akwai bas, akwai kuma manyan tasi masu ɗaukar mutum shida da ke zirga-zirga kullum, za ka iya ɗaukar shatar guda ta yini da kai. Direbobinsu sun san kowace kwana da inda ƙanƙara ke kwana. Wanda bai taɓa tuƙi a dusa ba, kuma yana tare da iyali, wannan ita ce hanyar da ta fi masa. Ku yi ciniki tun kafin a tashi: ina da ina za a je, sa'a nawa zai jira, nawa ne jimla.

Wanda ya zaɓi hayar mota, ya san cewa yawancin motocin haya a Maroko ƙanana ne irin Dacia da Renault, masu giyar hannu, masu jan gaba, da yawa na dizal, kuma tayar sanyi ba kasafai ake samun ta a kansu ba. Kafin ka sa hannu, durƙusa ka duba tayoyi da kanka. Zanensu ya kai zurfin milimita huɗu. Idan ka ga hoton tsauni mai kai uku da ɗigon dusa a gefen taya, ka dace, ita ce ta sanyi. Robarta ba ta taurarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7. Tambayi sarƙar taya daidai da lambar da ke jikin tayarka, idan ba su da ita ka saya a shagon kayan mota. Gwada hita, waifa da fitilu. Tambayi abin da inshora ta rufe, domin sau da yawa taya da gilashi da ƙarƙashin mota ba sa ciki. Ɗauki bidiyon motar zagaye.

A but ka zuba bargo, ruwan sha, dabino da burodi, tocila, ƙaramin shebur, abin kankare gilashi, da safar hannu ta aiki. Ruwan wanke gilashi ya zama irin wanda ba ya daskarewa. Cika tanki kafin hawa, kada ya sauka ƙasa da rabi muddin kana sama. Mai motar dizal ya ƙara mai a gidan man tsauni, kuma ya nemi wuri mai rufi ya kwantar da ita, domin dizal yana yin kauri a tsananin sanyi har mota ta ƙi tashi.

Sarƙar nan, ka gwada ɗaura ta a Fas, a busasshen fili, da rana tsaka. Gefen hanya da yatsu a sandare ba wurin koyo ba ne. A tayoyin da ke jan mota ake sa ta, wato na gaba a yawancin ƙananan motoci. Ka shimfiɗa ta ka warware, ka zura igiyar ta bayan taya, ka haɗa bakinta a sama, ka baza sarƙar a kan tayar, ka ja ka ɗaure. Ka yi tafiyar mita hamsin zuwa ɗari, ka tsaya ka ƙara ɗaurewa. Da sarƙa ba a wuce gudun kilomita 50, kuma da zarar kwalta ta bayyana a cire ta.

Mataki na biyar: tuƙin kansa

Fas tana tsayin kamar mita 400. A kowane mita dubu da ka hau, zafi na raguwa da kamar digiri shida, don haka ruwan saman da ka baro a ƙasa yana iya zama dusa kafin ka wuce Imuzzar. Ka tashi wajen goma na safe, lokacin da rana ta fara narkar da ƙanƙarar dare, ka tsara yadda duk tuƙinka zai ƙare kafin biyar na yamma. Ruwan da ya narke da rana shi ke sake daskarewa da magariba.

Kafin ka motsa, share dusa daga gilasai, fitilu da rufin mota duka. Kada ka zuba ruwan zafi a gilashin da ya daskare, zai iya tsagewa. Kunna hita ta busa gilashin, ka kankare a hankali.

Duk wanda ya taɓa tuƙi a hanyar birji mai taɓo a tsakiyar damina ya san rabin darasin: taya tana da ɗan riƙo kaɗan, duk motsi na fizga kuma yana ƙwace shi. Don haka totur, birki da sitiyari, kowanne a taɓa shi da lallashi, kuma ɗaya bayan ɗaya. Idan taya na juyawa a banza wurin tashi, sa giya ta biyu ka saki kuloci sannu. Tazarar da ke tsakaninka da na gaba ka ninka ta sosai, domin a kan ƙanƙara nisan tsayawa yana iya kai ninki goma na busasshiyar kwalta.

Wurin hawa, ɗauki ɗan gudu tun daga ƙasa ka riƙe shi daidai, kada ka tsaya a tsakiyar tudu in ba dole ba. Idan na gabanka yana fama, jira a ƙasa har ya ƙare hawa. Gangara ce ta fi haɗari, kuma nan ne masu motoci masu jan ƙafa huɗu ke ruɗuwa: irin motar nan tana taimakawa wajen hawa, amma wajen tsayawa ba ta fi sauran ba. Sa giya ta biyu ko ta uku tun kafin gangarar, bari inji ya riƙe motar. Rage gudu kafin kwana, lokacin da tayoyi ke miƙe, sannan ka saki birki ka karya.

Akwai ƙanƙarar da ido ba ya gani, siririya, mai kama da jiƙaƙƙiyar kwalta. Tana kwana a kan gadoji, da cikin inuwar bishiyoyi, da kwanonin da rana ba ta kaiwa. Alamarta ita ce ƙarar taya ta ɗauke, sitiyari ya yi sakayau a hannu. Ɗage ƙafa daga totur, riƙe sitiyari a miƙe, bari mota ta wuce wurin.

Idan ka karya kwana gaban mota ya ƙi bi, ƙara murɗa sitiyari ba zai yi komai ba. Saki totur, ɗan warware sitiyarin har tayoyi su sake kama ƙasa. Idan kuwa bayan motar ne ya fara zamewa, juya sitiyari a hankali zuwa gefen da bayan ya nufa, idonka yana kan inda kake son zuwa. In ya zama dole ka tsaya nan take, taka birki da ƙarfi ka riƙe. Za ka ji yana karkarwa a ƙafarka, na'urar hana taya kullewa ce ke aiki, kada ka saki.

Cikin hazo ko zubar dusa, yi amfani da ƙaramar fitila, domin babbar tana dawo maka da haske a ido. Kada ka sha gaban motar share dusa. Bayanta ne hanya ta fi kyau.

A hanyoyin tsauni akwai shingen ƙarfe da ake saukewa idan dusa ta yi yawa, jandarmomi na tsaye a wurin. Roƙo ba ya buɗe shi, kuma kada ka bi taswirar waya ta zagaya da kai ta ƙaramar hanya, domin ita ba a share ta ba sam. Nemi gidan shayi ka zauna, sau da yawa ana buɗewa a bar motoci su bi bayan mai shara a jere. Hanyar N13 da ta tashi daga Azru zuwa Midelt, wadda ke haye mashigar Zad a tsayin da ya haura mita 2,100, tana cikin waɗanda ake yawan rufewa.

Idan ka maƙale, zauna a cikin mota. Kira jandarma a 177, ko motar asibiti da 'yan kwana-kwana a 15. A cikin gari lambar 'yan sanda 19 ce. Fita ka share dusar da ke bakin salansa kafin ka kunna inji, ka riƙa kunna shi na ɗan lokaci kana kashewa, taga a ɗan buɗe. Salansar da ta toshe tana mayar da hayaƙi cikin mota, hayaƙin da ba shi da wari kuma yana kisa.

Mataki na shida: masauki da ibada

Ifran ta fi tsafta da tsada. Azru, da ke ƙasa da ita da tafiyar kamar minti ashirin, a tsayin mita 1,250, gari ne na Amazigawa, 'yan asalin tsaunukan, mai kasuwa da rahusa, kuma ni na fi son ta don kwana. Ko ina ka zaɓa, tambaya ta farko ita ce abin ɗumama ɗaki da ruwan zafi, kuma ko kuɗinsu na cikin kuɗin ɗakin. Gidajen haya da yawa ana ɗumama su da murhun itace ko na gas. Kada a kwana da garwashi ko hitar gas a rufaffen ɗaki, kuma idan tukunyar dafa ruwan wanka ta gas tana cikin banɗaki, a bar taga a buɗe. Kowace hunturu ana rasa rayuka a Maroko ta wannan hanya.

Mutanen ƙasar Malikawa ne, sallarsu ba za ta yi maka baƙunta ba. Huffi na fata yana sauƙaƙa alwala: ka sa shi bayan cikakkiyar alwala, daga nan sai shafa. A watan Janairu asuba tana kaiwa wajen bakwai.

Mataki na bakwai: abin da aka zo yi

Fara da cikin gari. Akwai zakin dutse da kowa ke ɗaukar hoto a gabansa, da lambuna, da Jami'ar Al Akhawayn da aka buɗe a 1995. Sa'a biyu sun isa.

Wasan dusa yana Mishlifan, kwarin tsohon dutse mai aman wuta a tsayin kamar mita 2,000, tafiyar ƙasa da rabin sa'a daga Ifran, da kuma tudun Habri da ke kusa da shi. Samarin yankin suna ba da hayar takalma, da katakon zamiya na ƙafa, da ƙaramin keken katako marar taya da ake zama a kai a sulalo. Da wannan keken za ka fara. Zaɓi gangara gajera wadda ƙarshenta fili ne, ba bishiya ba titi, ka zauna ƙafafu a gaba, dunduniya ita ce birki. Yaro ƙarami ya hau tare da babba. Yi ciniki kafin ka taɓa kaya, ka riƙe canjin dirhami a aljihu. Na'urar ɗaukar mutane zuwa saman tudu ba kullum take aiki ba, sai ka shirya hawa da ƙafa, kuma za ka ji numfashi na yi maka sama-sama saboda tsayin wurin. Wanda ke son koyon zamiya da gaske, da malami da dogon gangare, wurinsa Ukaimedan, kilomita saba'in da 'yan kai daga Marakesh, a tsayin mita 2,600. Wannan tafiya ce daban.

Abin da ya fi komai a ganina shi ne dajin al'ul da ke tsakanin Ifran da Azru, cikin gandun da gwamnati ta keɓe a 2004. Bishiyoyi ne dogaye masu ɗaruruwan shekaru, rassansu a shimfiɗe ɗauke da dusa. Shahararriyar cikinsu, wadda ake kira Guro, ta bushe amma tana nan tsaye. A nan birai marasa wutsiya suke, masu gashi mai kauri, irin da ke cikin barazanar ƙarewa. Masu talla za su miƙo maka gyaɗa ka ba su. Ka ƙi, domin ciyarwar ce ke jawo su bakin titi inda motoci ke take su, kuma suna cizo. Idan za ka shiga daji da ƙafa, ɗauki ɗan jagora na yankin, ko ka tsaya inda kake hango hanya. Dusa tana shafe sawu, batirin waya kuma yana mutuwa da wuri a sanyi, sai a ajiye ta a aljihun ciki.

Riƙa duba yara da tsofaffi. Yatsa ko kunnen da ya mutu ya yi tauri ya koma toka-toka, a ɗumama shi da ruwa mai ɗumi ko a hammata, ba a murza shi, ba a kara shi a wuta. Wanda rawar ɗari ta kama sosai, maganarsa ta fara sarƙewa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya a lulluɓe shi a nufi asibiti.

Abinci ba matsala, na halal ne ko'ina. Da safe nemi bisara, faten wake mai man zaitun da ake ci da burodi. Da yamma harira, wato miyarsu, ko tajin, dafaffen nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa. Shayinsu a lokacin sanyi sukan sa masa wani ganye mai ɗaci da suke kira shiba a madadin na'a-na'a. Idan Talata ta same ka a Azru, ranar kasuwa ce, matan ƙauyuka kan sauko da dardumar ulu saƙar hannu.

Mataki na takwas: saukowa

Kada ka kwana a tsauni a daren da jirginka zai tashi washegari. Sauko Fas ko Kasabalanka kwana ɗaya cur kafin nan, domin shinge ɗaya da aka sauke ya isa ya ci maka tikiti. Daren ƙarshe, idan wurin ajiye motar shimfiɗaɗɗe ne, bar ta a giya ba tare da jan hambirki ba don kada ya daskare, ka ɗaga waifa daga jikin gilashi. Da safe jira rana ta hau, ka gangaro da ƙaramar giya har ka wuce Imuzzar. A Fas ka kai motar a wanke, ka cika mai daidai yadda aka ba ka, ka sake ɗaukar bidiyonta a gaban ma'aikacin kamfanin, sannan ka karɓi takardar da ke nuna an saki kuɗin jinginarka.